Motar Baba Ataimaka Ta Daina Neman Turi

A layinsu ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Baba Ataimaka ake ce masa, domin shekara ashirin da biyu abin da yake fara faɗa ke nan kowace safiya in ya fito ƙofar gida: "A taimaka." Yana da tsohuwar a-kori-kura wadda ta girmi 'yarsa ta fari, da ita yake kwasar gadaje da kujeru daga wurin kafintoci yana kai wa masu saye. Mota ce mai ƙarfi, sai dai tun da kik ɗinta ya mutu ba ruwanta da makulli, sai ta sha turi take tashi. Da rana kuwa ba ya kashe ta sai a kan gangara.

Masu turin mutum biyu ne, tela da mai aski, waɗanda shagunansu ke kallon gidansa. Da sun ji kiran, tela zai ajiye almakashi, mai aski ya bar mutum da rabin kai, su dafa bayan mota suna zaginta suna zagin mai ita. Shi kuma ya leƙo da kai ta taga yana ramawa. Daga ƙofar gidansa zuwa kwana taki arba'in ne, kuma a cikin takin nan yake jin duk labarin layi: wanda aka yi wa haihuwa, wanda ɗansa ya faɗi jarrabawa, wanda ya sayi firij ya rasa inda zai sa. Gaskiyar magana, Baba mutum ne mai nauyin baki. Bai taɓa iya zuwa wurin mutum haka siddan ya zauna ba, sai da dalili. Turin nan shi ne hirarsa, kuma ba shi da wata.

Ana nan sai 'yar autarsa ta auri makanike, saurayi mai ladabi da son aikinsa. Abokan aikinsa suka sa shi gaba a gareji, wai makaniken da ake tura surukinsa kullum da safe. Abin ya ishe shi, ya zo ya durƙusa.

"Baba, don Allah a ba ni motar nan sati shida."

"Me ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba, Baba. Ni ne ba na iya ɗaga kai a gareji."

Da aka kwance ta, abin da aka tarar ya isa a buɗe shago. Cokali ne ke riƙe da gilashin ƙofar direba. Ɗaya ƙofar igiyar shanya ce ke ɗaure da ita. Ramin da ke ƙarƙashin ƙafar fasinja an rufe shi da farantin da matar Baba ta yi shekara tara tana zargin maƙwabciya da shi. Baba kullum yana garejin yana hana ruwa gudu, a cire abu ya ce yana aiki, a yar ya tsince. Surukin dai haƙuri yake ba shi yana ci gaba. Aka kankare tsatsa, aka yi walda, aka buga lotsattsun wurare suka miƙe, aka fesa mata shuɗin fenti har shafi uku. Kujera ta samu jan kushin, bayanta aka shimfiɗa sabon katako mai ƙyalli, aka sa sabon kik da sabon batir.

Ranar da ta dawo, duk layin ya fito. Baba ya murɗa makulli sau ɗaya, ta tashi ba ko tari. Aka yi tafi. Tela ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi, yau mun yi ritaya."

Washegari Baba ya fito, ya buɗe baki, ya haɗiye maganar. Ya shiga mota ya wuce, tela ya ɗaga masa hannu ba tare da ya ɗago kai daga keken ɗinki ba. Haka aka yi kwana goma. Sai a bakin wani kafinta ya ji cewa matar mai aski ta kwanta asibiti har an sallamo ta. Mutumin da ƙofarsa ke kallon tasa! Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya wuni bai ci abincin kirki ba.

Da sassafe ya ɗaga bonet, ya sassauta wayar kik, ya rufe, ya gyara murya.

"A taimaka!"

Suka fito suna tsaki. "Ina amfanin fentin to?" in ji mai aski. Baba ya leƙo ta taga, bakinsa har kunne, ya yi masa ya mai jiki, ya ji labarin asibiti tun daga farko har kwana.

Wanda ya shiga uku shi ne surukin. Ya zo a babur ya ɗaure waya, washegari ta kwance. Ya sake kik ɗin ɗungurungum, ta kwance. Ya ce ko ɓera ne, ya kawo tarko ya ɗana a cikin injin. Tsiyar gareji kuwa ta dawo sabuwa, har ta fi ta da. Ran nan matar Baba tana shirin wanki ta lalubi aljihun rigar mijinta, ta zaro sifana.

"Malam, ɓeran nan mai kwance waya, da sifana lamba goma yake aiki?"

Baba ya ce shi bai san zancen ba.

"Yaron nan har ya rame saboda kai. Kuma gobe ka dubi masu turin naka da kyau, ka ga ko kai kaɗai ne ka tsufa."

Kafin gyara motar ba ta da madubin gefe, yanzu tana da har biyu. Washegari da ake turi, maimakon ya leƙo, sai ya duba madubi. Ya ga tela ya saki mota tun a taki na ashirin ya riƙe ƙugu. Ya ga mai aski shi kaɗai yana turawa da kafaɗa, baki buɗe, yana haki, takalmi ɗaya ya zame. Da motar ta tashi, ya hango shi ya zauna a bakin kwata yana danna ƙirji. Kunya ta kama Baba irin wadda bai taɓa ji ba. Yana shan kwana ya tsaya, ya ɗaure wayar tam, ya kira surukinsa ya ce masa ɓeran ya mutu.

Da gari ya sake wayewa ya murɗa makulli, mota ta tashi. Ya tsallaka titi da ita, taki goma kacal, ya tsaya ƙofar shagon tela ya kashe, ya fito. Tela ya yi ajiyar zuciya, ya miƙe a hankali, ya zagaya bayan mota ya dafa. Mai aski ma ga shi nan tafe yana naɗe hannun riga.

"Ba turi na zo nema ba," in ji Baba.

"To me ya faru? Lafiya?"

Baba ya tsaya yana juya makulli a hannu, gumi na keto masa kamar wanda ya zo neman aure.

"Lafiya lau. Gaisuwa na zo."

Tela ya dubi mai aski, mai aski ya dubi tela. Sai tela ya shiga shago, ya kwashe tarin yadin da ke kan benci ya zuba a ƙasa, ya kakkaɓe da hannu.

"Shekara ashirin da biyu bencin nan yana nan, mutumin banza," ya ce. "Da ka sani tun tuni, da har yanzu ina da ƙugu. Zauna."