Tukwanen Goggo Tela

Goggo yayar mahaifina ce, kuma tela ce. Shagonta ɗan ƙarami ne, tsakanin kantin magani da rumfar mai gyaran agogo. Keken ɗinki biyu, teburin yanka, da benci ɗaya na masu jira, shi ke nan ya cika. A nan ta yi yawancin rayuwarta, tef a wuya, allura a baki. Amma idan ka tambayi dangi abin da suka fi saninta da shi, ba ɗinki za su fara ambata ba. Tukwane za su ce.

Ba irin tukwanen da kowa ya saba da su ba ne. Na ƙarfen zubi ne, masu kauri, an shafe su ciki da waje da wani abu mai santsi da sheƙi kamar tangaran. Ko babu komai a cikin babbar, sai ka gyara tsayuwa kafin ka ɗaga ta.

Ta farko ba saya ta yi ba. Wata malamar asibiti da ta daɗe tana kawo mata ɗinki ce aka yi wa canjin wurin aiki. Ranar da ta zo sallama, ta shigo shago tana nishi, da wata ƙatuwar tukunya ruwan goro a hannu, ta dire ta kan teburin yanka har almakashi ya yi tsalle.

"Na gaji da yawo da ita," in ji ta. "Duk inda aka mayar da ni, ita ce ke karya min baya. Ke kina da yara, ki riƙe ta."

Mijin Goggo ne ya ɗauko ta zuwa gida da yamma. Direban bas ne, kuma abokan aikinsa sun sa masa suna Sannu-Sannu saboda ba a taɓa ganin ya wuce wata mota a hanya ba. Mu yara muna ce masa Baba Sannu. Da ya ajiye tukunyar a kicin sai ya tsaya yana yarfe hannu.

"Tela," ya ce, don haka yake kiranta, "girki za a yi a wannan, ko kuwa birkin mota kika samo min?"

Goggo ta dafa wake a cikinta washegari. Ta lura ba ta kamawa a ƙasa, kuma ko an sauke ta, abincin yana nan da zafinsa har yara su dawo daga makaranta. Sai ta shiga ranta. Amma kwana kaɗan ta gano aibinta. Idan ta zuba 'yar miya ta mutum biyu, sai miyar ta baje a gindi ta ƙafe kafin albasa ta nuna. Tukunyar taro ce, ba ta kullum ba. Daga nan ta fara neman ƙanwarta.

Ta biyun ita ce kuskurenta, kuma ba ta ɓoye wa kowa. Doguwa ce mai siffar ƙwai, ja wur, ta gan ta a tagar wani kanti ta kasa barci. Da ta kawo ta gida ta ɗora kan murhun gas, sai ga tsakiya yana tafasa, gefe da gefe kuwa ko ɗumi bai yi ba. Irin tukunyar da ake sa kaza guda a ciki a tura wurin gashi ce, murhun Goggo kuma ba shi da wurin gashi. Ta ce kyan ɗan maciji ne da ita. Shekaru ta yi tana ajiyar tafarnuwa da citta a cikinta.

Bayan wannan ba ta ƙara yarda ido kaɗai ya yi mata zaɓi ba. Takan ce wa duk wadda ta nemi shawararta, "Ki ƙirga bakunan gidanki, ki ƙara na baƙo, sannan ki dubi faɗin murhunki. Launi a ƙarshe." A haka ta sayi ta uku, matsakaiciya, zagayayya, shuɗiya mai duhu, cikinta ruwan madara. Wannan ce ta ciyar da gidan. Goggo tana son cikin tukunya ya zama fari, domin tana ganin lokacin da albasa ta fara yin ja, ba sai hanci ya gaya mata ba. Daga baya aka samu mai faɗi marar zurfi, koriya, ta suya, da wata 'yar ƙarama ruwan ɗorawa mai hannu ɗaya, ta dafa madara.

Tana cewa launi a ƙarshe, amma a launin ta fi daɗewa. Na sha raka ta kanti lokacin ina zaune a gidanta ina karatu. Ba ta yarda da fitilar kanti, ta ce maƙaryaciya ce, ta sha jawo mata rigima da masu kawo yadi. Sai ta sa a ɗauko murfin, ta fita da shi bakin ƙofa, ta juya shi a hasken rana. Sannan ta zaro ƙyallen labulen kicin ɗinta daga jaka ta kanga a kai. Masu kanti wasu su yi dariya, wasu su biyo ta a baya don kada ta wuce da murfin.

Babbar 'yarta, wadda duk muke kira Yaya, ba ta taɓa son wannan gauraye ba. Ita tana son komai ya zama iri ɗaya.

"Umma, da kin tsaya a launi ɗaya, ai da sun fi kyau a jere. Yanzu kamar an zubar da fentin 'yan makaranta."

"Idan ina son komai iri ɗaya, sai in koma asibiti da zama," in ji Goggo. "Ni idan na ce a miƙo min shuɗiyar, ko babanki ya san wadda nake nufi. Da duk launinsu ɗaya ne, sai ya kawo min su duka."

Baba Sannu ya ce daga falo, "Ina jin ki fa."

Shi ne ya yi wa tukwanen mazauni. Katakon farko da aka kafa a bango ya lanƙwashe a tsakiya, don haka ya samo katako mai kauri, ya yi masa ƙafafu, ya daidaita shi da ƙugun Goggo don kada ta riƙa ɗaga hannu sama. Dokokin tukwanen kuwa kowa a gidan ya haddace su. Ba a ɗora su kan wuta babu komai a ciki. Ba a zuba musu ruwan sanyi suna da zafi. Cokalin ƙarfe ba ya shiga cikinsu, sai na katako.

Yara suka girma suka watse. Yaya ta yi aure, ta cika gida da 'ya'ya. Ɗan Goggo na tsakiya ya zama malamin makaranta, shi da matarsa da ɗiya ɗaya. Auta ya kama ɗaki shi kaɗai kusa da wurin aikinsa. Baba Sannu ya ajiye tuƙi. Goggo dai ba ta rage hannu ba. Ta ci gaba da cika shuɗiyar kamar yadda ta saba, ana aika wa maƙwabta, saura kuma ya kwana a firij.

Wuyan hannunta na dama ya daɗe yana mata gargaɗi. Almakashi ya ci shi, da safe sai ta murza shi da man zafi kafin ya buɗe. Wata ranar hutu jikoki suka zo, ta dafa shinkafa da nama a babbar ruwan goro. Ta zo saukewa, hannun ya saki. Allah ya taƙaita, tukunyar gefe ta faɗi, ba kan ƙafarta ba. Tayil biyu suka tsage, shafen bakin tukunyar ya ɓantare kamar faɗin farce. Goggo ta tsaya tana kallon shinkafa a ƙasa.

Likita ya ɗaure hannun, ya ce ta huta da almakashi, ta kuma daina ɗaukar abu mai nauyi, ba na wata ɗaya ko biyu ba, har abada. Ta bar shago a hannun matar da ke taya ta ɗinki. A gida ta koma dafa abinci a wata 'yar tukunyar dalma marar nauyi da aka manta da ita a ƙasan kabad. Abinci yana kamawa, ba ta ko yin mita. Wannan shirun ne ya fi damun Baba Sannu. Ya ce zai riƙa ɗaga mata tukwanen, kuma ya yi ta yi na ɗan lokaci, amma shi ma bayansa na tsohon direba ne. Kuma Goggo ba ta son ta tsaya jiran mutum kafin ta tsiyaye ruwan taliya.

Wata Asabar ta kira mu duka. Muka tarar ta sa an sauko da tukwanen an wanke, an jera su a kan tabarma a falo, kowace da murfinta.

Yaya ta riga kowa miƙa hannu. "Ni dai shuɗiyar, Umma. Za ta shiga da kicin ɗina."

"Kicin ɗin ne zai ci abincin?" in ji Goggo. "Bakuna nawa ne a gidanki? Shuɗiyar ba za ta kai ki ko'ina ba, sai ki yi ta girki sau biyu. Ɗauki babbar."

"Ai ta ɓantare."

"A baki ne, ba a ciki ba. Ki riƙa shafa mata ɗan mai a wurin bayan wanki, ba za ta yi tsatsa ba."

Yaya ta turo baki kamar ba uwar 'ya'ya ba, amma ta jawo ta gabanta. Shuɗiyar ta tafi gidan malamin makaranta, matarsa ta karɓa da hannu biyu tana godiya. Auta ya samu koriyar, don Goggo ta ce ta san ba abin da yake dafawa sai ƙwai. Ni kuma ta tura min jar.

"Ke murhunki yana da wurin gashi. Ki fitar da ita kunya."

Ta ruwan ɗorawa kaɗai ta rage a kan katakon, ita kuma ba ta wuce madara da shayi ba. Bayan kwana biyu Baba Sannu ya kira ni a waya. Ya ce in zo in kai su kanti, ya gaji da ganin katakonsa tsirara.

A kantin Goggo ba ta kalli launi ba sam. Ta bi layin tukwanen daga ƙarami zuwa babba, tana sa hannu biyu a kunnuwan kowace, tana ɗagawa da murfin a kai. Idan ta ji nauyin ya taɓa wuyan hannunta sai ta ajiye. Ta tsaya a kan wata zagayayya, wadda za ta ishi mutum biyu da ɗan ragi. Kunnuwanta masu faɗi ne, yatsu huɗu suna shiga har da tsumma. Ta ɗaga ta, ta yi taku da ita zuwa ƙarshen layi, ta dawo.

"Wannan," ta ce wa matar kantin. "Waɗanne launuka kuke da su?"

"A wannan girman, Mama, ruwan hoda kawai ya rage. Shuɗi da kore sai a wadda ta fi ta."

Duk wanda ya san Goggo ya san ba ta ga maciji da ruwan hoda. Ko yadin aka kawo mata ta ɗinka, sai ta tambayi mai shi ko ta yi shawara da wani. Ta sake gwada wadda ta fi girma, shuɗiya kyakkyawa, ta ɗaga ta ɗan kaɗan, na ga fuskarta ta motsa. Ta ajiye a hankali.

"Za a kawo wasu?"

"Wallahi ban san rana ba, Mama."

Baba Sannu ya ɗauki murfin ruwan hodar ya miƙa mata. "Fita da shi waje mana, Tela. Ke kika ce fitilar kanti ƙarya take yi."

Ta harare shi, amma ta karɓa. Muka bi ta bakin ƙofa. Ta juya murfin a rana, ta nisanta shi, ta matso da shi.

"Ya ya?" in ji shi.

"Yau dai gaskiya ta faɗa. Ruwan hoda ne." Ta miƙa masa murfin. "A sa mana ita a kwali."

A daren ranar ta dafa musu wake da kifi a cikinta, ta sauke da kanta. Baba Sannu ya ce ya ci har ya kwance maɓallin wando.

Na koma gidan bayan 'yan makonni. Tun daga ƙofa na ji ƙarar keken ɗinki. Ashe ta sa an kawo mata ɗaya daga shago, an ajiye a gefen taga. Baba Sannu yana zaune a kujera da tabarau a hanci da almakashi a hannu, yana bin layin alli da ta zana masa a kan wani yadi ruwan toka mai ƙananan furanni. Yana yankawa a hankali, harshe a waje.

"Labule ne," in ji Goggo, ba ta ɗago kai ba. "Tsohon labulen ya ƙi zama da 'yar tukunyar nan. Kullum na shiga kicin sai in ga kamar faɗa suke yi."

"To kin fara sonta ke nan, Goggo?"

"Wa ya gaya miki? Girmanta nake so." Ta leƙa aikin mijinta. "Malam, ka bar layi. Kai da ka yi shekaru kana bin hannunka a titi."

Ya gyara tabarau ya koma kan layin. Ta ce in shiga kicin in rage wuta, in kuma ɗebi nawa kafin in zauna, akwai na baƙo a ciki.