Rigar Sojan Amurka ta Mahdi Tela

Mahdi tela na Dutse Uku bai taɓa wuce Kaduna ba, amma babu yaƙin da Amurka ta yi wanda ba shi da labarinsa. Abin ya faro ne ranar da Onyekwere mai gwanjo ya ɓalle dila a kasuwa, wata rigar sanyi ta soja mai dabbare-dabbare ta faɗo, an ɗinka suna a ƙirjinta: Kowalski. Mahdi ya saye ta don sanyin Jos. Yaƙin daga baya ya zo.

Da farko a teburin mai shayi cewa yake, “Sun sha wuya a Vietnam.” Bayan shekara biyu ya koma “mun sha wuya.” Ya san nauyin hular kwano, ya san ɗanɗanon abincin gwangwani a cikin rami, duk daga finafinan da yake kallo yana kalmasa wandunan mutane. Akwai huda a hannun rigar. Matarsa Ummusalma ta rantse ɓera ne, shi ya ce harsashi ne. Unguwa ta sa masa Kofur, kuma ba a fara hira sai ya zauna.

Wata safiya zai kai ɗinki Kabong, sojoji suka tsayar da Keke Napep ɗin da ya hau a shinge.

“Baba, wace bataliya?” in ji wani matashin soja.

“Tela ne ni, ranka ya daɗe.”

“Farar hula ba ya sa kaki. Cire! Na sake ganinta, zan ƙona.”

Mahdi ya koma gida da singileti, rigar a leda, yana rawar ɗari. Ummusalma ta dube shi sama da ƙasa.

“Maigida, ba ka gaya masa kai ka ci Vietnam ba?”

Kwana uku bai leƙa teburin shayi ba, har Dantong direba ya fara ba da labarin Iraƙi a mazaunin Mahdi. Rana ta huɗu Mahdi ya hau keken ɗinki, ya lulluɓe rigar gaba ɗaya da shuɗiyar shadda, har da aiki a wuya, ya sa ta ya nufi teburin shayi.

“Kofur, ritaya aka yi maka?” in ji Dantong.

Mahdi ya kamo hannunsa ya danna a ƙirjinsa, inda haruffan suke nan a ƙarƙashin shadda. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

“Aikin sirri muke yi yanzu. Matsa min.”

Dantong ya matsa.