Hudar da Na Yi wa Gadon Kaka

Ranar wata Asabar da hantsi, a sanyin shekarar da ta biyo bayan kwashe ƙasar da gubar dalma ta ɓata a Abare, mai unguwa ya aiko aka tashe ni daga bakin aikina na facin taya a Anka, wai in zo filin firamare an kawo mana ci gaba. Lokacin fararen motocin ƙungiyoyin agaji sun yi yawa a ƙasarmu, kowace da abin da ta zo koya mana, har wanke hannu. Na je ne don an ce akwai lemun kwalba. Na tarar an girke wani murhun ƙarfe a kan teburin malamai, da bututun hayaƙi da 'yar ƙofa mai zugewa, ga wani saurayi da farar riga mai rubutu a ƙirji yana bayani da lasifika, alhali mu duka ba mu fi cikin aji guda ba. Nasiru ne, ɗan Ila. Shi kuwa Ila ɗan ƙanen mahaifina ne, gida ɗaya muka tashi. Yaron ya ce murhun nan yana girki, yana kuma ɗumama ɗaki da itace uku kacal. Busasshen itace ake sa masa, a buɗe ƙofar duka har wuta ta kama sosai, hayaƙi ya ɗauke, sannan a zuge a bar kafa kamar yatsa biyu. Ya ce akwai wani dutse a ciki mai ramuka kamar saƙar zuma, idan ya yi zafi har hayaƙin yake cinyewa. Mutane suka yi tafi. Ni ban yi ba. Yatsa biyun nan na san su, su suka raba ni da makaranta.

Gidanmu yana wani ƙauye ne can gefen Gwashi. Zaure guda, rumbu uku, turken awaki kusa da rijiya, sai ɗakin Kaka, uwar Babanmu, a ƙuryar gida ƙarƙashin bishiyar magarya. A ɗakin nan akwai gadon ƙasa, irin wanda yaran yanzu ba su taɓa gani ba. Gini ne na laka, samansa a shafe sumul, ƙarƙashinsa kogo, da baki guda a gefe inda ake tura garwashi. Idan sanyi ya sauka, duk gidan babu inda ya kai shi daraja. Mu yara maza a ɗaki guda muke kwana, kan tabarma, mu shiga buhu har wuya, ƙafafunmu duk faso. Da asuba mu tsuguna mu kewaye wutar kara, gabanka na ƙuna bayanka na ƙanƙara, ka juya kamar tsire. Amma kowace shekara Kaka takan zaɓi jika guda ya kwana a wajen ƙafarta, kuma shi ne mai kula da wutar gadon. Wannan muƙamin, a wurinmu, ya fi sarautar gari.

Ila ne ya riga ni samu, don ya girme ni da wata bakwai. Kwana tara ya yi a kan mulki. A na goman ya saki fitsari a gado mai zafi, kuma duk wanda ya san abin da zafi ke yi wa fitsari ba sai na yi masa bayani ba. Mako guda ana turaren ɗakin. Kaka ta kamo kunnensa ta fito da shi tsakar gida ta ce, "Wanga ba miji ba na, gulbi na." Ta dube ni ta ce, "Garba, taho, kai na aura."

Aikin ba na wasa ba ne. In na dawo makaranta, na ba awaki harawa, na cika wa Inna randa, sai in nufi daji neman ƙirya ko marke da suka faɗi da kansu suka bushe. Kaka takan ɗauki guda biyu ta gwara, in ba su yi ƙara ras ba ta wurgo mini su. Tumfafiya kuwa ko ƙofar ɗakinta ba ta zuwa. Bayan la'asar in hura wutar a waje, a fili, in zauna ina gadi har farin hayaƙin ya ƙare, itacen ya koma ja zur. Sannan in kwashe a kasko in tura ƙarƙashin gado, a bar bakin a buɗe. Ita kuma ta riƙa ɗora bayan hannunta a kan gadon kamar mai duba zazzaɓi. Sai ta ce ya yi, in barbaɗa toka a kan garwashin, in rufe bakin da wani gutsuren tulu, in bar kafa yatsa biyu. Yatsunta ake aunawa da su, ba nawa ba. Asabarin ƙofa kuma ba a sakinsa har ƙasa, don kada wuta ta sace mana numfashi. Kullum maganarta guda: "In ka jiya wuta na ƙara, itacenka taka ci, ba kai taka yi ma aiki ba." Da itace uku gadon nan yakan kai mu har kiran salla da ɗuminsa.

A lokacin ina aji huɗu, kuma Kaka ce ta riƙe ni a makarantar. Mai gari ya ce kowane gida ya ba da yaro guda, aka ba da ni, amma Baba kullum lissafinsa hannu guda ya ragu a gona. Duk sanda ya tayar da maganar cire ni, sai Kaka ta ce, "Ku bar min mijina shi yi boko. In ya zan alƙali shi sai min gadon ƙarhe." Sai maganar ta mutu. Ni kuwa ina son makarantar nan kamar raina. Ina son sharar fili da safe, ina son langa da ƙwallon tsumma lokacin tara, har itacen da muke kai wa matar hedimasta ranar Juma'a ban taɓa jin nauyinsa ba. Kuma ina da kai. Wannan ba yabon kai ba ne, ku tambayi duk wanda ya rage a raye.

Wata rana malaminmu, Malam Sahabi, ya shigo da guntun kyandir da kwalba mai faɗin baki. Ya kunna, ya kifa kwalbar, wuta ta yi ƙasa ta mutu. Ya ce wuta numfashi take yi kamar mutum. Ya nuna mana tagogin ajin, gabas da yamma, ya ce iska ba ta son ɗaki mai ƙofa guda, sai ta sami inda za ta shiga da inda za ta fita. Nan take kaina ya buɗe. Na tuna zuga-zugin maƙerin garinmu. Na ce ashe shekara da shekaru tsohuwar nan shaƙe wuta take yi, don ba ta je makaranta ba. Na ƙudura zan gyara mata gado, ta ji ɗumin da ba ta taɓa ji ba, ta san bokon mijinta bai faɗi ƙasa banza ba.

Tsakanin kan gadon da bango akwai wani lungu, a nan aka ajiye wata tsohuwar randa cike da irin gyaɗar Baba, wadda ya zaɓa da hannunsa bayan kaka, aka liƙe bakin da laka. Wurin a bushe yake, ba gara ba ɓera. Ita ce za a shuka a gonar fadama in ruwa ya sauka, daga amfanin gonar kuma Inna ke samun man da ƙuli-ƙulin da take sayarwa. Ranar da Kaka ta tafi ruga barkar haihuwa, na mirgina randar gefe, na ɗauko karyayyen lauje na huda gadon ta wajen lungun, rami kamar dunƙulen hannu. Na share ƙasar tas. Sannan, don kada a gani kafin a ji daɗin, na mayar da randar na jingina ta daidai bakin ramin. Wannan dabarar ta ƙarshe, har yau in na tuna ta sai in ji kamar in mari kaina.

Da yamma na tura garwashi, na ƙara ƙirya huɗu a kai, ban sa toka ba, gutsuren tulun kuma na ajiye shi gefe. Na ji wuta ta kama gurnani a ciki kamar maƙera. Na ce yawwa, yau ta sami numfashi.

Bayan magariba muna zaure da Baba da ƙanensa, an sa tuwo a gaba, sai Baba ya ɗaga hanci. "Wa ka suyar gyaɗa gidanga?" Ƙamshi ya cika gida har maƙwabta. Daidai lokacin Kaka, wadda ta dawo a gajiye, ta idar da salla ta hau gadonta da carbi a hannu. Matar da ta shekara goma ba ta taka ko'ina sai da sanda, sai ga ta tsakar gida a guje, sandar na can ɗaki. Aka ruga. Tabarmar ta yi baƙi tana hayaƙi. Ila, wanda dama gwani ne wajen zuba wa gadon nan ruwa, ya ɗauko tulu ya sheƙa, gadon ya yi wata ƙara ya tsage gida biyu. Aka jawo randar da tsumma aka fasa bakin. Ta sama ta soyu daidai ci, ta ƙasa ta zama gawayi.

Baba ya ɗebo a hannu, ya ɓare guda, ya duba, ya duba ramin. Ya tambaya wa ya yi. Ni kuwa, don wauta ba ta gama da ni ba, na gyara tsayuwa kamar a gaban aji na ce, "Wuta numfashi taka yi, Baba. Malam ya gwada muna."

Ya yi ta juya gyaɗar a tafin hannunsa har na fara zaton ya gane. Sannan ya ce, "To, ita ta yi numfashi. Mu mi za mu shuka?"

Kaka na tsaye, don zama bai yiwu gare ta ba a ranar. Ta ce, "Ku kawo gishiri, kar a yi hasara biyu."

Bai buge ni ba. Da ya buge ni da ya fi. Da safe ya shigo ɗakin yara, ya ɗauki gajeren wandona na makaranta da rigar, ya miƙa wa Ila. Mai gari yaro guda ya ce, bai faɗi suna ba. Na juya na dubi Kaka, tana kishingiɗe a gefe guda kan buzu, ina jiran maganar alƙali da gadon ƙarfe. Ta kawar da kai. Ba ta da bakin magana, irin ɗanta aka soye a ɗakinta. A shekarar nan wake aka zuba a fadamar, Inna ba ta kafa kaskon ƙuli ko sau ɗaya ba. Yaran unguwa kwana huɗu suna cin gyaɗa kyauta, suka saka mini da suna Garba Soye, wanda har yau akwai masu furfura da ke kira na da shi a tasha.

Ni na kwaɓa laka da kashin jaki da ciyawa, na toshe ramin, na ɗinke tsagar. Ina cikin shafe ne Kaka ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malaminka bai yi ƙarya ba, wuta na numfashi. Rabi dai yab ba ku. Ya gwada muku yadda aka tashe ta, bai gwada muku yadda aka kwantar da ita ba. Da ka tambaye ni." Ta mayar da ni gadon, don Ila ya zama ɗan boko kuma har lokacin bai daina halinsa ba. Sanyi huɗu na ƙara yi a wajen ƙafarta, ban ƙara kuskuren yatsa ko rabi ba, har Allah ya karɓi abarsa. Ila ya gama firamare da wandona, ya wuce Gusau, ya dawo ma'aikacin ƙaramar hukuma da tumbi. Ni na iya karanta lambar taya.

Shi ya sa da ɗansa ya gama bayani a filin nan ya hango ni ya ce, "Baffa, ko akwai tambaya?" na ce akwai. Na ce ina za mu sami busasshiyar ƙiryar? Ya duba takardarsa, ya juya bayanta, ya ce za su kai maganar gaba. Aka rubuta sunayenmu wai za a raba mana, har yau muna jira. Murhun da aka yi gwajin da shi yana gidan mai unguwa, kaza na ƙwai a ciki.

Yanzu daga Anka har Bukkuyum ka yi tafiya ba ka ga ƙirya tsayayya guda ba, wadda ba ta shiga buhun gawayi ba ta shiga ramin zinari a matsayin tokara. Ɗakin Kaka ya rushe, magaryar ma an sare. 'Ya'yana a katifar soso suke kwana, da bargon kasuwa, suna rawar sanyi, kuma babu wanda a cikinsu ya san yadda ake gwara itace a ji bushewarsa. In sanyi ya tsananta nakan sayi gawayi in hura a waje, in jira ya yi ja, in barbaɗa toka, in kifa wani tsohon kasko a kai in bar kafa yatsa biyu. Kullum kafin asuba ya mutu. Nakan ce yatsun Kaka sirara ne, nawa aikin taya ya kumbura su. Wataƙila kuma ba yatsun ba ne.