Abin da Yaya Ya Rubuta a Kan Umma

Ina sakandare a unguwarmu ta Bani Harisa a Madina lokacin da yayana ke aiki a filin jirgin Madina, a kamfanin da ke sauke kayan alhazai. Ya iya tafiyar da mutane, kowa ya shaide shi. Amma ransa na kan wata babbar makarantar koyon kasuwanci a Turai, irin wadda masu nema suke da yawa, masu shiga kaɗan.

Ya zauna jarrabawarsu ya ci. Manyansa biyu a wurin aiki suka rubuta masa shaida. Abin da ya gagare shi tambaya ce guda a takardar neman shiga: wane ne ya sa ka zama yadda kake? Ya daɗe yana juya ta, daga baya ya rubuta a kan mahaifiyarmu, Umma, wadda ta rasu ina ƙarama.

Wata rana bayan la'asar ya kira ni falo.

"Zo ki ji, ƙanwata. Ki faɗa min in ya yi."

Yana karantawa da Turanci yana mayar mini da Hausa, inda Hausar ta ƙare masa ya ƙarasa da Larabci. A nan na fara jin cewa duk lokacin aikin hajji Umma kan tara matan unguwa, ta raba musu aiki: wata ta dama kunu, wata ta wanke tufafi, su kai wa alhazan Nijeriya da ciwo ya kwantar a asibiti bayan jirginsu ya tashi. Shi ne mai ɗaukar mata kwanuka. Da ya zo wajen rashin lafiyarta sai ya naɗe takardar.

"Ya yi, Yaya," na ce.

"Halas, shi ke nan, haka zan tura."

Mutanen makarantar suka kira shi ganawa a Jidda, da wani tsohon ɗalibinsu. Da ya dawo na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce mutumin bai taɓo zancen Umma ba ko sau ɗaya. Abin da ya dami mutumin kawai, a wace ƙasa za a lissafa Yaya, tunda a Madina aka haife shi amma fasfonsa na Nijeriya ne, su kuwa suna son ajin ya ƙunshi ƙasashe dabam-dabam.

Amsa ta zo a taƙaice: ba su ɗauke shi ba, kuma ba sa bayyana dalili. Baba ya ce, "Allah bai nufa ba." Yaya ya ce, "Ma'alesh, ba komai," ya sa takalmi ya tafi aiki.

Ya yi aure, aka haifa masa 'ya. Ba ta fara tafiya ba ya yi hatsarin mota a hanyar Jidda. Aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a.

Makarantar kuwa ba ta sani ba. Duk shekara sai mujallarta mai sheƙi ta iso akwatinmu na gidan waya da sunansa, ana gayyatarsa ya sake nema. Baba kan shigo da ita, ya ajiye a kan firji, ya wuce ɗaki.

Da na shiga jami'a na iya Turanci, sai na buga musu waya. Wata mata ta ɗauka, mai ladabi ƙwarai. Na ce yayana ya rasu, su daina aikowa. Ta yi mini ta'aziyya, ta karanto adireshinmu tsaf, har da ranar haihuwarsa. Sai na roƙe ta su aiko mini da rubutunsa, domin na bincika kayansa ban samu ba, kwamfutar ofis da ya buga shi a kanta kuma an daɗe da canja ta. Ina so in ajiye wa 'yarsa.

Ta ce ƙa'idarsu ba ta yarda a ba kowa ba sai mai shi. Ta ƙara da cewa ko da ta yarda, takardun waɗanda ba a ɗauka ba ana lalata su bayan wani lokaci. Sunan mutum da adireshinsa da ranar haihuwarsa kawai ake bari.

Na yi godiya na ajiye wayar, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da yamma na gaya wa Baba mujallar ba za ta ƙara zuwa ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a hankali, "Da kin bar su. Su kaɗai suka rage masu rubuta sunansa."