Ramin da Ba a Haƙa Ba

Kafin in zo Dubai, a ofishin kasafin kuɗi na jiharmu nake aiki. Ni na rubuta takardar da ta ce a soke kuɗin da muke karɓa daga kamfanonin sadarwa kan ramin da suke haƙawa don binne wayar intanet, tunda kuɗin ne ke hana su haƙawa. Darakta ya wurgo min ita. "Da albashinka za ka cike giɓin?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ramin da ba a haƙa ba nawa yake kawo mana?"

Sai da na ajiye aikin cikin fushi majalisar jiha ta yi dokar soke kuɗin. Da farko kasafi ya ji jiki, ban musa ba. Daga baya shagunan waya suka cika ƙauyuka, haraji ya biyo su.

Watan jiya ina tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali ina duba kwantenar wayoyin da nake fatauci, sai ga kiran bidiyo. Darakta ne, ya yi ritaya, yana gonarsa a ƙauye, hoto tar. Wayar hannu yake so in aiko wa jikarsa.

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe. Amma ta wane rami kiran nan ya biyo?"