Abin da Hoton Haƙarƙari Ya Nuna

Shekarar da na faɗo daga amalanke ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye kusa da Dogo-Dogo. Muna dawowa daga gona da buhunan wake, taya ta faɗa rami, sai ga ni a ƙasa, buhu ɗaya a kan ƙirjina. Kwana uku ko tari ban iya ba. Majo, malamin jinya na likitar garinmu, wato ƙaramin asibiti, ya danna wurin, na yi ƙara, ya rubuta mini takarda zuwa Magarya. Can aka ɗauki hoto, aka ce bai fito sosai ba, in wuce Damagaram a sa ni cikin babbar na'urar da suke kira sikana.

Yayata ce ta raka ni, don maigida ba zai iya barin girbi ba. Duk ramin da mota ta shiga sai na ji shi a ƙashina.

Likitar da ta duba hoton mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta ce, "Haƙarƙari ɗaya ne ya tsage, zai haɗe da kansa. Amma Malama, kin taɓa jin ƙullutu a nononki na hagu?"

Na ce ban taɓa ba. Ta juyo mini da hoton, ta nuna wani ɗan farin abu kamar ƙwayar gyaɗa.

Yayata ta ce, "Likita, ai ba wannan ya kawo mu ba."

"Na sani, Hajiya. Ba shi muke nema ba, amma mun gan shi. Da yawa irinsa ba komai ba ne. Wasu kuma ciwon daji ne tun yana ƙarami. Hoton nan ba zai bambance mana ba."

Ban ji tsoro a lokacin ba. Abin da ya fara zuwa raina shi ne hanyar nan, da cewa zan sake bin ta.

Sau huɗu na bi ta kafin sanyi ya wuce. Zuwa na farko aka shafa mini wani mai mai sanyi, aka duba nonon da eko, na'urar da ake duba cikin mata masu juna biyu. Na biyu muka tarar mai yin aikin ya yi tafiya. Na uku aka soka allura, aka ɗebi ɗan nama, aka ce za a aika Yamai, in jira kira.

Mako biyar na jira. Ina tsaye gaban allo ina rubutu, sai in tsinci hannuna a kan ƙirji yana lalube. Ban taɓa jin komai ba, kuma wannan ya fi damuna. Maigida ya daina tambaya, sai dai kullum da safe ya kai wayata wurin mai caji. Surukata kuwa ta riƙa aiko mini da rubutun sha daga Yekuwa, ina sha.

Zuwa na huɗu likitar ta ce ba daji ba ne. Yayata ta fashe da kuka tana hamdala. Ni kuwa na zauna kan benci, na cire takalmi, ƙafafuna sun kumbura. Farin cikin sai bayan kwana biyu ya iso ni, ina tankaɗen gari.

Ba a sallame ni gaba ɗaya ba. An ce in riƙa dawowa duk wata shida a ga ko ya ƙara girma. Na koma sau biyu, yana nan yadda yake.

Da labari ya bazu, mata suka fara shigowa gidana, su ja ni ɗaki su ce in taɓa musu nono in ji ko akwai ƙullutu. Nakan ce ni ma nawa ban ji shi da hannu ba, su je wurin ungozomar likita. Biyu sun je. Ɗaya an tura ta Damagaram, ta zo ta tambaye ni wace mota ce ta fi saurin cika a tasha. Na faɗa mata, na ce ta tafi da ruwa da tabarma, don layin yana da tsawo.