Rigar Malam Bawa Ta Koma Gida

Daga Sakkwato

Ana idar da sallar asuba na fito, shida saura kwata ina tasha. Jaka ɗaya na riƙo, ba komai cikinta sai wata tsohuwar babbar riga shuɗiya. Rigar ba tawa ba ce, ta Malam Bawa ce, wanda ya fara ɗora ni kan dandamali a Jega tun ina saurayi mai shegen surutu.

A ƙungiyarsa ta wasan kwaikwayo akwai doka. In an tashi daga wasa, kowa ya ninke kayan da ya sa, ya miƙa wa Malam da hannu biyu, ya ce, "Na dawo da mutumin." Wai don kada ka tafi gida da halin wanda ka kwaikwaya. Ni kuwa ranar da na ji gidan talabijin na neman 'yan wasa, sai na sulale da rigar ba sallama, saura awa biyu a fara wasanmu. Da ita aka gwada ni, da ita aka ɗauke ni. Shekara talatin ke nan ina fitowa a mugu, a talabijin da fina-finai, kunya ta hana ni komawa. Makon jiya aka ce mini Malam na kwance, jikin ya yi tsanani. Tsorona ɗaya ne, kada in tarar an riga an kai shi.

Aliero

Shida da rabi muka tashi, mu shida cikin ƙaramar mota, an matse ni gaba kusa da giyar mota. A shingen da ke bayan Tambuwal wani jami'i ya leƙo, ya ƙura mini ido, ya ce, "Alhaji Mai Mudu, yau kuma wa za a cuta?" Sunan da nake fitowa da shi ke nan. Aka yi dariya, ya ɗaga mana hannu.

Tara da minti goma, muna shiga Aliero, mota ta yi tari ta mutu. Direba ya buɗe gaba ya ce sai an nemo makanike. Ko'ina warin albasa, buhuna jibge bakin titi. Na je sayen masa, mai masar ta dube ni sama da ƙasa.

"Ba ni saida ma wanda ya kori marayu," in ji ta.

Na ce, "Inna, wasa ne."

"Awo, wasa. Ai da idona na gani."

Haka na haƙura da yunwata, don ba ni da lokacin kare kaina. Wani mai a-kori-kura da ya yi lodin albasa ya ji ina ta tambayar motar Jega. Da na gaya masa dalili sai ya ce, "In dubiya ce, hau." Har muka rabu bai yarda ya karɓi komai ba.

Jega

Goma da kwata na sauka, na hau kabu-kabu zuwa Firchin, unguwar su Malam. Mun wuce ɗakin taron da muke wasa a da, yanzu shinkafa ake ajiyewa ciki. Na kau da kai.

Gidan Malam a rufe, da kwaɗo. Na juya ina neman wanda zan tambaya. Wani dattijo maƙwabci da ke gyaran taru a ƙofar gida ya ce, "Tun damina ɗiyatai ta ɗauke shi, shina Maiyama."

"Yana da rai, Baba?"

"Shekaranjiya dai shina da rai. Tahi maza."

Ya sa aka miƙo mini fura a kwanon sha, na shanye a tsaye, na koma tasha.

Maiyama

Ba nisa, amma na ga tsawon hanyar nan. Sha biyu da rabi na yi sallama. 'Yarsa, Malama Saratu, wadda na bari tana rarrafe, ita ta shigar da ni. Malam na kwance kan katifa a ƙasa, idanun sun dushe. Mutumin da muryarsa ke cika fili ba lasifika, yau sai an sunkuya ake jin sa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Garba na. Har yanzu kana haɗiye ƙarshen magana."

Saratu ta ce ai ko shiri ɗaya nawa bai wuce shi. Tun da ido ya tafi yake sa ta ƙara muryar talabijin, yana gyara mini daga kwance.

Na fara ba da haƙuri, ya katse ni. "Ka san da mi na yi wasan ranar? Da zanen gado. Mutane sunka yi ta dariya, ni ko ina ta duban ƙofa."

Nan hawaye suka ƙwace mini, na gaske, ba irin na gaban kyamara ba. Na ciro rigar, na sake ninke ta yadda ya koya mana, hannuwa ciki, wuya sama. Na miƙa da hannu biyu.

"Malam, na dawo da mutumin."

Ya shafa ta har ya kai kan facin da ke aljihu, ya tsaya.

"Ka daɗe da shi," in ji Malam. "Na karɓa. Tashi, kai ne Garba."

Ya ce a sa masa. Muka tayar da shi zaune ni da Saratu, muka zura masa. Rigar da a da take ɗame masa kafaɗa, yau ta haɗiye shi gaba ɗaya. Ya ce kada a cire.

Komawa

A zauren gidan na kwana, bayan tuwon shinkafa da miyar kuka da kifi, wanda na ci kamar ban taɓa ganin abinci ba. Bakwai na safe na yi sallama, Malam ya sa mini albarka yana cikin rigarsa. Kafin azahar ina gida.

Na gode wa mai albasa da ban ko tambayi sunansa ba, da dattijon Firchin, da Saratu. Har mai masa na gode mata, don ta nuna aikin ya shiga. Sama da kowa na gode wa Allah da Ya riƙe mini Malam har na iso.

Matata ta karɓi jakar a ƙofa, ta jijjiga ta.

"Wofi ka dawo da ita?"

Na ce, "Wofi, alhamdu lillahi."